Kaso 35 na mata: zai taimaki masu son zama injiniyoyi?

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Gombe. Kullum muna jin maganar kaso 35 na mata, wato a ba mata kaso 35 cikin ɗari na muƙaman gwamnati. Shin doka ce? Kuma me za ta tsinana wa ɗalibaina masu son zama injiniyoyi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ba doka ba ce da majalisa ta zartar, manufa ce da gwamnatin tarayya ta fitar a 2006. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, sai kuma a Afrilu Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta cika wannan kaso a naɗe-naɗenta. Har yau da sauran rina a kaba.

To amma ko an cika, a ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Minista ko kwamishina ana naɗa shi rana ɗaya. Shugabancin jami'a kuwa sai farfesa, farfesa kuma sai da digirin digirgir da tarin muƙalu. Farfesa Fatima Tahir da ta shugabanci jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau ta wannan tsani ta hau. Shekarun da ake wannan hawa su ne shekarun aure da goyo, kuma nan mata ke zubewa. Malamar da ta samu tallafin ƙaro karatu zuwa Malesiya alhali tana shayarwa, ina za ta kai jaririn? Saboda haka manufofin da na fi ba muhimmanci ba su da armashi a bakin 'yan siyasa: gidan reno a harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, cikakken hutun haihuwa, da sassauta iyakar shekaru a tallafin karatu.

Ɗalibanki kuwa, tasu ta fi kusa. A aji ɗaya na babbar sakandare ake raba hanya, kuma yarinyar da aka tura ajin adabi don babu malamin lissafi ta yi sallama da injiniyanci. Gombe da Bauchi sun shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, mai gyaran makarantu da koyar da kwamfuta. Ku haɗa kai da SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantarku, ku sa ɗakin gwaji a sahun gaba na abin da za a gyara, kafin kuɗin su ƙare a fenti da katanga.