Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Jiragen Yaƙi Da Tarkacensu

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakanmu ya yi leburanci a filin jirgin Kano zamanin yaƙin Hitila, bayan rasuwarsa muka tarar da wani abu kamar agogo a cikin adakarsa, baƙi ne mai gilashi, a bayansa akwai hoton kambun sarauta da haruffa AM da wasu lambobi. Dan Allah na jirgin yaƙi ne? Ƙanena yana so ya buɗe shi ya goge. Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙan kaka. Kafin komai ɗan'uwa, ka hana ƙanen nan naka buɗe gilashin, yau ɗin nan ba sai gobe ba. Agogunan jirage na wancan zamani ana shafa wa allurarsu da lambobinsu wani fenti mai sinadarin radiyom don matuƙi ya riƙa gani da daddare, yanzu fentin ya daina haske shi ya sa mutane suke zaton ya mutu, alhali radiyom sai ya shekara kusan 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Muddin gilashin yana rufe haɗarin da sauƙi, amma in aka buɗe aka shaƙi garin fentin ko ya shiga baki to an jawo wa kai ciwo. Ka sa shi a leda ka ƙulle, ka ajiye nesa da ɗakin kwana da hannun yara.

Shi kuwa kambu da AM alamar ma'aikatar jiragen sama ce ta Ingila ta wancan zamani, kusan duk kayan da ta saya wa mayaƙan samanta ana buga musu ita. Ka duba lambar da ke kusa da ita, in ta fara da 6A to agogon gaban matuƙi ne irin na auna gudu ko tsayi, in 5C ce kayan lantarki ne, 10A kuma ɓangaren rediyo. Kada ka sa sanfefa ko soson ƙarfe wai don rubutu ya fito, ka haska tocilan ta gefe cikin duhu za ka ga lambobin sun taso da kansu, sai ka ɗauki hoto.

Kuma labarin kaka ya hau daidai da tarihi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka koma kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a can ake harhaɗa su, sannan su taso su yada zango a Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, su ratsa Janaina da Fashir zuwa Khartum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma yawanci jirgi ƙirar Blenheim ne ke gaba yana nuna hanya, ƙananan Hurricane na biye da shi. Jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya, wasu sun faɗi a daji wasu sun lalace a filayen sauka aka fiffige su don gyaran wasu. Kaga ba abin mamaki ba ne lebura ya tashi da agogo ɗaya. Abin da agogon ba zai gaya maka ba shine takamaiman jirgin da aka cire shi, domin iri ɗaya ake sa wa jirage daban-daban. Wanda ke faɗin sunan jirgi shine ɗan faifan ƙarfen da kamfani ke kafewa a jiki ko a inji, da lambar da ake rubutawa kusa da wutsiya.

Tambaya: Malam wai da gaske ne ana tsintar jiragen yaƙin duniya a hamada ba su ruɓe ba? Ɗana ne ya nuna min hoto a waya na ce ko haɗi ne. Daga wata malamar makaranta a Damagaram.

Amsa: Malama gaskiya ne, hamada ba ta da laimar da ke cin ƙarfe. Wanda ya fi shahara shine jirgin Amurka ƙirar B-24 da ake kira Lady Be Good, lambarsa 41-24301 (41 ɗin nan shekarar da aka ba da kwangilarsa ce wato 1941, haka Amurkawa ke jera lambarsu). Ranar 4 ga Afrilun 1943 ya tashi daga Soluk kusa da Bangazi a Libiya da mutum tara zai kai hari birnin Naples na Italiya, a dawowa da daddare suka wuce sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nutsawa kudu cikin rairayi har mai ya ƙare suka diro da lema, jirgin ya ci gaba shi kaɗai ya je ya sauka a kan cikinsa kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku. Ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa sai 1958 da masu neman man fetur na Ingila suka hango shi daga sama. Da aka isa wurin a 1959 rediyonsa na aiki, aka gwada bindiga ta tashi.

Abin da ke taɓa ni a labarin nan mutanen ne. A 1960 aka gano gawarwakinsu can arewa da jirgin, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙi Robert Toner yake rubutu kullum, mutum takwas daga cikin taran nan da rabin gorar ruwa, suna tafiya da ƙafa suna zaton teku na kusa, sun yi kwana takwas a haka, biyar suka kasa suka tsaya uku suka ci gaba neman taimako. An samu takwas, ɗaya har yau shiru. Shi kuma jirgin da hamada ta riƙe shekara 15 lafiya lau, da mutane suka san wurin sai kowa ya je ya ɓalli rabonsa, har gwamnatin Libiya ta kwashe abin da ya rage zuwa Tubruk a 1994.

Haka aka yi da wani jirgi ƙirar Kittyhawk mai lamba ET574 a yammacin hamadar Masar. Wani matashin matuƙi ɗan Ingila, Dennis Copping, ya ɓata da shi a Yunin 1942, sai a 2012 wani ma'aikacin kamfanin mai ɗan Poland ya ci karo da shi kusan cikakke, ga alamar matuƙin ya sauka da rai har ya fito da rediyo da batir yana ƙoƙarin kira. Hotuna na bazuwa aka fara farfasa gilasansa ana sace agogunan. Yanzu yana gidan tarihin El Alamein, an yi masa wani fenti mai haƙoran kifi da ba nasa ba, ni dai a ganina an cuce shi, yadda aka tsince shi ya fi ba da labari.

Tambaya: Oga ni ɗan jari bola ne, wani ya kawo min farfela da guntun fiffike ya ce daga wajen Chadi aka samo, wai na ba shi kuɗi mai kauri don Turawa na saye da miliyoyi. In saya? Daga Maiduguri.

Amsa: Alhaji ka riƙe kuɗinka tukuna. Gaskiya ne akwai jiragen da suka yi tsada, misali jirgin Ingila ƙirar Spitfire mai lamba P9374 da ya faɗi a bakin tekun Kale a Faransa cikin Mayun 1940, yashi ya binne shi, ya sake bayyana a 1980, aka gyara shi ya tashi a 2011, aka yi gwanjonsa a Landan a 2015 kan fam miliyan 3.1. Amma me aka saya? An sayi lambar da tarihin, an san matuƙinsa an san ranar da ya faɗi da inda ya faɗi, ga shekarun da injiniyoyi suka yi suna ƙera sabbin sassa. Haka jirgin Amurka ƙirar P-38 da ake kira Glacier Girl, a 1992 aka haƙo shi daga ƙarƙashin ƙanƙara mai zurfin mita 82 a Girinlan guntu-guntu, sai 2002 ya sake tashi. Guntun fiffiken da ba lamba, ba a san inda aka ɓalle shi ba, kuɗinsa kuɗin kilon alminiyon ne irin wanda masu tukwane ke narkarwa, ba ƙari. Ko Turawan ma jita-jita na cin su, a 2013 an kashe maƙudan kuɗi ana haƙa a Boma wai an binne Spitfire da dama a akwatuna, ba a samu ko ɗaya ba.

Sannan maganar Chadi ta sa na ƙara tsorata. Tarkacen arewacin Chadi da yawa na yaƙin Libiya ne, irin waɗanda aka bari a Wadi Dum a 1987, yankin da aka dasa nakiyoyi ba iyaka, kuma irin kayan nan kan zo da harsashi ko abin fashewa a maƙale, kai kuma aikinka guduma da wutar walda. Ga halin tsaron da ake ciki a Barno, a kama ka da kayan soja a shago bayani zai yi wuya. Ƙasashe kuma ba sa sakin haƙƙinsu, a Ingila tun dokar 1986 ba ka isa ka tona inda jirgin soja ya faɗi ba sai da lasisi, domin wani wurin kabarin mutum ne. Ka ɗauki hoton duk wani rubutu da ke jiki ka turo mana, in akwai abin da ya yi kama da makami kuma a sanar da jami'an tsaro, kada a taɓa.

Tambaya: A ina zan kai yarana su ga tsohon jirgin yaƙi ido da ido a Najeriya? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia a jihar Abiya. Akwai jiragen yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da MiG-17 da Ilyushin 28 na sojan tarayya, da ɗan ƙaramin jirgin nan ƙirar Suwidin da Biyafara ta ɗaura wa rokoki. A fili suke, rana da ruwa sun taɓa su, amma yara za su ga girmansu da idonsu. Shi kuma ɗan'uwanmu na Fagge, ga Gidan Makama nan kusa da kai, ka fara kai musu hoton agogon tare da sunan kaka da shekarun da ya yi aikin.