Hidimar AmeriCorps a duwatsun Roki: in shiga ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 22, ina zaune a Denba ta jihar Kolorado a Amurka da takardar zama ta dindindin. Naga ana ɗaukar matasa aikin kula da daji a kan duwatsu ƙarƙashin AmeriCorps, ina so in shiga amma a gida ana cewa ɓata lokaci ne tunda ba albashi. Don Allah meye gaskiyar abin?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanina. Toh, ta wajen cancanta dai ba ka da matsala, shirin na ɗan ƙasa ne ko mai girin kad irinka, wanda yake wata ƙasa kuwa kada ma ya saka rai don ba hanyar biza bace. AmeriCorps shirin hidimar ƙasa ne na gwamnatin Amurka, tun 1993 aka kafa shi zamanin shugaba Clinton, amma irin wannan aiki ya samo asali ne daga rundunar aikin daji da shugaba Roosevelt ya kafa a 1933, wadda ta ɗebi matasa wajen miliyan 3 suna dashen itatuwa da fasa hanyoyi a daji. Yanzu yawanci ba gwamnati ce zata ɗauke ka kai tsaye ba, ƙungiyoyi ne irin su Southwest Conservation Corps ko Rocky Mountain Youth Corps, gasu nan a jiharku.

Mutanen gida suna da gaskiya a abu ɗaya, ba albashi bane, alawus ne na ci da sha kuma ba zai isa ka aika wa kowa komai ba. Ribar tana zuwa ne a ƙarshe. In ka cika awa 1,700 akwai tallafin karatu na dala 7,395, awa 900 rabin haka, kuma ba a hannu za a damƙa maka ba, makaranta ake biya ko bashin karatu, sannan akwai haraji a kai. Amma ni abin da nafi so ka riƙe shine maganar awa 640. Wanda ya cika su a aikin da ya cancanta, da aƙalla 120 a filayen gwamnati, ana bashi takardar da zata bashi fifiko na shekara 2 wajen neman aiki a hukumomin gandun daji na tarayya (amma yawancin aikin tarayya sai ka zama ɗan ƙasa tukuna), kuma wallahi da yawa suna gama hidima basu ma san da ita ba saboda sun sa hannu a gajeren zango na awa 300 ko 450. Ka tambaya kafin ka sa hannu, ba bayan ka gama ba.

Sai aikin kansa. Kar hotunan intanet su ruɗe ka, aikin ƙarfi ne. Wasu rukunin kwana 8 suke a daji a tanti sannan hutun kwana 6, kullum awa 10 kana da diga da shebur kana gyaran hanyar ƙafa, kana jera duwatsu don kar ruwa ya zaizaye ta, ko kana rage itatuwa saboda gobarar daji. A wuraren da dokar kare daji ta 1964 ta killace ba a shiga da inji sam, in itace ya faɗi ya tare hanya zarto ne na mutum biyu, kai a wannan baki abokinka a wancan, kuna ja har hannu yayi kanta. Da dare kuma abinci da man goge baki duk sai an kulle su nesa da tanti saboda dabbar beyar da ƙamshi ke jawowa.

Tsayin wurin ne yafi kayar da sababbi. Denba tana kan mita 1,600 ne, ciwon tsauni kuma daga wajen 2,500 yake farawa, ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, ba ruwansa da ƙarfinka. Ka sha ruwa sosai, ka hau a hankali, in numfashi ya fara yi maka wuya kana zaune ma to ka faɗa wa shugaban rukuni nan take a sauko da kai, banda jarumta. A Yuli da Agusta kuma tsawa da rana take zuwa, shi yasa ake sammako a bar ƙololuwa kafin azahar.

Ni dai shawarata ka shiga, indai ba kai ke riƙe da gida ba. Sai dai ka tabbatar an riga an ware kuɗin gurbinka, don a Afrilun 2025 an zabtare kuɗin AmeriCorps har aka mayar da matasa gida ana tsakiyar aiki. Ka sayi takalmin aikin tun yanzu ka dinga yawo dashi ya saki kafin ranar tafiya.