Hajiya, ki daina cika asusun ƙungiya da jarinki

Wata Hajiya daga nan Damagaram ta aiko da saƙo mai tsawo, ga gundarinsa. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta daɗe a cikinta. Ita ce kuma shugabar wata ƙungiyar mata su 25, kowace tana zuba dala ɗari, wato sefa 500, duk ranar Juma'a. Suna ba juna bashi daga asusun, su fasa shi gab da azumi. Akwatin yana ɗakinta, lissafin yana kanta. Rabo biyu ke nan kuɗin ba sa cika, ita ke cikawa daga jarinta ba tare da kowa ta sani ba, har abin ya kai jika 140, wato sefa dubu 140. A rabon farko mata uku ne ba su biya ba, a na biyu suka zama bakwai, cikinsu har da ƙanwar maigidanta. Yanzu wani ya ce mata akwai tallafi da ke tafe ga ƙungiyoyin matan da suka mallaki inji. Tambayarta: ta ci bashin miliyan 1 da sunan ƙungiya ta sayo injin matsar gyaɗa daga Kano? Ta rufe da cewa barci ya ƙaurace mata, kai kuma yana yawan sara mata.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Zan zo kan batun inji, amma ba shi ya dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan "ba tare da kowa ta sani ba". Nan kika yi kuskure, kuma duk sauran abin da kika lissafa, har rashin barcin, daga nan ya samo asali.

Na san amsarki tun kafin ki ba ni: rufin asiri. Ke ce babba, ke aka zaɓa, ba kya so ranar rabo a ji kanku a unguwa, a ce ƙungiyar Hajiya ta watse. To mu duba abin da rufin asirin ya haifar. Matan nan uku na farko sun ga an yi rabo lafiya, kowa ta karɓi nata cif, har da su, ba wanda ya ce musu uffan. Kina tsammani ba su gaya wa kowa ba? A gidan suna ake irin wannan hira, da wajen layin famfo. Shi ya sa uku suka zama bakwai, kuma in kika sake cikawa bana, ki shirya wa goma sha. Sauran mata 17 kuwa, waɗanda ke matse cefanensu su kawo dala ɗari duk mako ba fashi, kin ɓoye musu halin da kuɗinsu ke ciki. Da kyakkyawar niyya kika yi, na yarda. Amma kuɗinsu ne, haƙƙinsu ne su sani.

Sai kuma abin da kika yi wa kanki. Kin ce jarinki ya kai jika 400, yanzu ya dawo 260. Kin fi ni sanin cewa ribar mai man gyaɗa a kaka ake cinta, lokacin da gyaɗar Matamaye da Magarya ta cika kasuwa, tiya ta faɗi. Wadda ta kwashi buhuna a lokacin ta jibge a ɗaki, ita ke dariya idan bazara ta yi. Wadda jarinta ya gaza kuwa, duk Alhamis sai ta tafi Kasuwar Dole ta auno tiya-tiya a kan farashin da ta tarar. Wato jika 140 ɗin nan sau biyu kika yi asararsa: kin rasa kuɗin, kin kuma rasa arahar kaka da zai saya miki. Wuta ɗaya kike hurawa da ta da, hayaƙi ɗaya kike sha, itace da ruwan garuwa ba su rage kuɗi ba, amma abin da ke saura a hannunki ya ragu.

Bari in ba ki labarin wata baiwar Allah da na sani a Zango. Mai kayan miya ce, ta shekara da shekaru tana riƙe da asusun matan layinsu, ita ma haka take cikawa a ɓoye. Ana yabonta, ana cewa hannunta da albarka. Wata shekara ciwo ya kwantar da ita ana saura 'yan makonni a yi rabo. 'Yarta ta fito da akwati, aka ƙirga a tsakar gida, kuɗi suka gaza da yawa. Babu kaye, wato littafin lissafi, babu shaida, ita kuma tana kwance ko magana da ƙyar. Wa kike jin aka ce ta cinye? Waɗanda ake bi bashin ma suna cikin masu tafa hannu suna salati. Sai da 'ya'yanta suka sayar da tumakinta biyu da firji aka biya mutane, kuma har yau a layin nan akwai masu cewa ta ci amana. Wannan ita ce hanyar da kike kai, Hajiya. Ranar da kika kasa cikawa, ba mai tuna shekarun da kika cika, tunda ba wadda ta san kin yi.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan matsala an daɗe da samo maganinta, kuma a ƙasar nan tamu ta Nijar aka samo shi. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da matan ƙauyukan Maraɗi a 1991, wanda daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, ƙarfinsa a abu ɗaya yake: ba a taɓa kuɗi sai a gaban kowa. Akwati da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban, mai ajiyar akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. A bainar jama'a ake zubi, a bainar jama'a ake ba da bashi, a faɗi adadin da ƙarfi kowa ta ji. Yawancin matan da suka fara shi ko sunansu ba su iya rubutawa ba, amma sun gane cewa mutum ɗaya ba ya zama shugaba da ma'aji da magatakarda. Ke kin haɗa ukun a kanki, sannan kina mamakin ciwon kai.

Idan wata ta ce rubuta bashi rashin yarda ne, ki tuna mata cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki bari Juma'a biyu su wuce. Ki fara da maigida. Ki same shi a natse bayan ya ci abinci, ki gaya masa adadin da ƙanwarsa ta ci da adadin da kika zuba. Kada ya fara jin labarin daga bakinta, don in ta riga ki, kuka za ta kai masa, ta ce kin tozarta ta cikin mata, maganar ta tashi daga bashi ta koma ta dangin miji. Daga nan ki ɗauki dattijuwa ɗaya da ake jin nauyinta a ƙungiyar, ku bi gidajen bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ba faɗa za ku je ba. Ku ce ranar Juma'a za a karanta lissafi a gaban kowa, wadda ke so ta rage nata kafin ranar, ƙofa a buɗe take. Za ki sha mamakin kuɗin da zai fito daga ƙullin zane cikin kwana huɗu.

Ranar zaman, ki sa a sayo kaye da biro, a ba wata yarinya mai boko cikin 'ya'yanku ta zauna a tsakiyar tabarma. Ki faɗi komai da bakinki, ki fara da naki: rabo biyu na cika da kuɗina, jika 140, ga sunayen waɗanda ake bi, ga adadin kowace. A rubuta kuɗinki a matsayin bashin da kike bi, a yanka wa kowace abin da za ta riƙa kawowa duk mako bayan zubinta. A ranar kuma ki miƙa akwatin, a zaɓi ma'aji da masu makulli. Shugabanci ki riƙe abinki in suna so, amma hannunki ya fita daga kuɗi.

Ba zan yaudare ki ba, za a yi ɓacin rai. Wasu za su daina gaishe ki na ɗan lokaci, biyu ko uku za su fice. Su tafi. Kuɗinki ma ba lalle ya dawo duka ba. In kin samu jika 100 cikin shekara, ki gode wa Allah. Akwai kuma wadda za ki tarar da gaske ba ta da shi, miji ya tafi Libiya ko Agadas neman kuɗi ya bar ta da yara, shiru ba aike. Irin wannan ƙungiya ce za ta yanke shawarar ɗaga mata ƙafa, kowa ta ɗauki kasonta na nauyin. Sadaka in za ki yi, ki yi da saninki, gwargwadon ƙarfinki.

Yanzu inji. A'a. Batun halaccin kuɗin ruwa ki kai wa malaminki, ni lissafi zan yi miki. Ko an ba ki miliyan 1 a kan kashi 2 cikin 100 a wata, ki biya cikin shekara, kusan jika 95 za ki riƙa kaiwa duk wata. Ƙungiyarku gaba ɗaya, in kowa ta zuba ba fashi, jika 50 take tarawa a wata. Ragowar daga ina? Kuma wa zai sa hannu a takarda? Ke. Matan da suka kasa biyan jika 20 da suka ci da hannunsu, su ne za su taya ki biyan bashin da ba su sa wa hannu ba?

Inji kuma ci yake. Yana son gyaɗa buhu-buhu kullum, yana son wuta ko gazuwal, yana son kayan gyara daga Kano. Ba mu manta ba: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, har da yanke wutar da ke zuwa mana daga can, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Na san zauren da injin wata ƙungiya ya yi watanni a ƙarƙashin tampol, kaji na kwana a kai, saboda ƙarfe ɗaya da ya karye, masu bin bashi kuwa ba su fasa zuwa ba ko wata ɗaya.

Shi kuma mai albishir ɗin tallafi, ki tambaye shi sunan masu bayarwa da inda ofishinsu yake, ki taka da ƙafarki. In ya ce sai kin ba da kuɗin cika takarda, kin san ko wane ne. Na gaji da ganin mata suna barin tukunyar suya a kan wuta su tafi zaman jiran tallafi. Masu tallafin gaskiya ma kayen lissafi suke fara tambaya. Ko rajista kuka tashi yi a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, dole ku kafa kwamitin gudanarwa daban, masu sa ido daban. In kun yi rabo biyu a jere kuɗi sun cika ba da aljihunki ba, ki dawo mu yi maganar inji, shi ma da kuɗin ƙungiya.

Kin ambata a gefe cewa wani ɓangare na bashin na atamfar 13 ga Mayu ne da kika ɗauko wa mata. Ranar matan Nijar ce, tana da daraja. Tunawa ce da matan da suka fito zanga-zanga a Yamai a 1991 don an ware su daga shirin babban taron ƙasa, har aka ƙara musu kujeru. Amma kuɗin atamfa ba ya fita daga akwati. Mai so ta kawo kuɗinta a hannu kafin a yanko.

Ciwon kan nan kuma kada ki yi wasa da shi da maganin tebur. Mace mai shekarunki da ke wuni a bakin wuta, ga rashin barci, hawan jini ake fara dubawa. Ki je asibiti gobe da safe a auna ki, tun kafin ki fara zagayen gidajen nan bakwai, kuma ki sa 'yarki ta karɓe ki suyar ƙuli na wannan makon.