Amsa ga ƙanenmu na Maamobi: ranki ne ya raba ku, ko halin mutane ne?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ku huɗu ne kuke buga wasan harbi na waya PUBG Mobile tare tun kuna sakandare, yanzu a ranki, wato matakin da wasan ke ba ɗan wasa bisa makinsa, biyu sun kai Ace kai kuma kana nan ƙasa a Platinum, sun daina gayyatarka, ranar da suka ɗauke ka ma sai tsawa da baƙar magana. Kana son sanin ko wasan ne ya canza su, ko dama can haka suke. Na ga wasu sun riga sun yanke musu hukunci a ƙasa, wai ka rabu da su, 'yan girman kai ne. Ni dai ban yarda da wannan ba. Na daɗe ina tsaron shagon wasan bidiyo a Nima, ni kaina kuma ina bugawa, kuma abin da ya same ku na sha ganinsa a kan yaran da babu mai iya kiransu marasa kunya. Lissafin da ke bayan rankin ne yake tura mutum, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu fara da lissafin, don in ba ka gane shi ba za ka yi ta jin haushin mutane a banza. Asalin abin daga wasan dara na Turawa ya fito, wato ces. Wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo, haifaffen Hangari da ya zauna a Amurka, shi ya tsara hanyar ba kowane ɗan wasa lamba. Hukumar ces ta Amurka ta karɓe ta a 1960, ta duniya kuma a 1970. Ƙa'idar ba ta da wuya: makin da za ka samu ko ka rasa ya danganta da wanda ka kara da shi. In wanda ka fi da maki 400 ne, lissafi yana sa ran za ka cinye shi kusan sau goma kafin ya ci ka sau ɗaya. A ce makin da ake rabawa a wasa ɗaya 32 ne. In ka ci tsaranka, 16 za ka samu. In ka ci wancan na ƙasa, kusan 3 kawai za a ba ka, amma in ya kayar da kai, kusan 29 za su tafi. Ka ga ke nan faɗuwa ɗaya tana cinye wahalar wasa tara ko goma. Daga baya wani masanin lissafi, Mark Glickman, ya fito da tasa hanyar mai suna Glicko a 1995, Microsoft kuma ta kawo tata, TrueSkill, a 2005 saboda wasannin da ake bugawa ƙungiya-ƙungiya. Kowane kamfani yanzu da irin nasa lissafin, ba sa kuma bayyana shi duka, amma jijiyar ɗaya ce: na sama asararsa ta fi ribarsa.

To ka sa kanka a matsayin abokinka mai Ace. In ya ɗauke ka, ku biyun duka kun shiga matsala. Kai za a jefa ka cikin mutanen da suka fi ƙarfinka, a kwantar da kai tun ba a je ko'ina ba. Shi kuma in ya tsaya tayar da kai aka gama da shi, makin da ya kwana yana tarawa sun zube. Lambar tasa ce shi kaɗai, amma wasan na mutum huɗu ne, kuma babu inda lissafin ya rubuta cewa kai ne ka raba kenkey da shi a makaranta. Ba ina wanke shi ba ne, zagi zagi ne. Ina nuna maka ne inda abin ya faro.

Wannan shi ne abin da na fi lura da shi cikin shekarun nan: duk abin da wasa yake ƙirgawa, shi mutane ke koma wa yi. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A PUBG daɗewa da rai yana da maki sosai, shi ya sa yaron da a da yake dira Pochinki, garin da ake yawan gwabzawa a taswirar wasan, yana neman faɗa, da zarar ya fara tura ranki sai ka gan shi ya dira can bakin taswira, ya kwanta cikin ciyawa ko ya laɓe a banɗaki minti ashirin. Ka tambaye shi ko yana jin daɗi, zai ce maka a'a, amma maki na hawa. 'Yan Free Fire ma haka suke yi in sun kusa rankin Heroic. A Call of Duty Mobile kuwa za ka ga mutum ya bar wurin da aka ce a tsare yana bin kisa don sunansa ya fito a sama. 'Yan eFootball da suke shagona, in suka kusa hawa rukuni na gaba, sai su bar ƙwallon da suke so, su koma dabara ɗaya da suka ga tana ci, su yi ta maimaita ta har ka gaji da kallo. In sun ci ɗaya kuma sai wasa da ƙwallo a baya har lokaci ya ƙare.

Akwai kuma abin da ke ƙona wa mutane rai ba su san dalilinsa ba. Aikin na'urar haɗa wasa shi ne ta nemo maka tsaranka. Duk lokacin da ka ƙware, sai ta kawo maka waɗanda suka ƙware kamarka. Saboda haka a wasannin da ɓangare biyu ke karawa, yawancin mutane ci da faɗuwarsu kusan rabi da rabi ne, komai ƙoƙarinsu. Mutum yana ƙara iyawa amma ba ya gani a jikinsa, sai ya fara neman mai laifi. Laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa ya fi kusa? Wanda yake jin muryarsa a kunne, wato kai.

Mu nan Akra muna da ƙarin namu nauyin da wanda ya tsara wasan bai yi tunaninsa ba. Dumsor ya ɗauke wuta, intanet ya yanke, ko data ta ƙare ana tsakiyar wasa, lissafi bai san wannan ba, abin da ya sani ka faɗi ko ka gudu. Yawancin wasannin nan sabarsu, wato babbar kwamfutar da ake haɗuwa a kanta a buga, tana nesa da mu, harsashin wani ya riga naka isa ko da kai ka fara harbi. Ga bambancin waya: mai tsohuwar wayar da ya saya a kasuwar wayoyi ta Circle tana zafi tana tsayawa, da mai sabuwar iPhone, duk sikeli ɗaya ake ɗora su. Don haka in na ji yaro yana cika baki da rankinsa, nakan ce masa wani kaso na waya ne, wani na data ne, wani na rashin barci ne, saura ne nasa. Maganar barci ba wasa ba ce. Datar tsakar dare ta fi araha, kakar wasan kuma, wato wa'adin da ake tara maki a cikinsa, in ta ƙare ana mayar da kowa ƙasa ya sake hawa, shi ya sa makon ƙarshe za ka ga samari a wurin ataya ido ja wur, an yi Asuba suna kwance. Wannan mayarwa ƙasa da gangan aka yi ta, don kada kowa ya ce ya gama ya ajiye.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Conqueror, ranki mafi girma a PUBG, mutum 500 na sama kawai ake ba wa a kowace saba, kuma duk abin da ya yi ƙaranci za a samu mai saya. Akwai masu karɓar kuɗi su buga wa mutum asusunsa har ya hau. Akwai masu sayar da asusu dungurungum, a tura kuɗi ta MoMo, bayan mako biyu mai shi na asali ya ƙwace abinsa ta imel ɗin da ya buɗe shi da shi. An kawo mini irin wannan ƙara ba sau ɗaya ba, babu kuma abin da zan iya yi sai ba da haƙuri, domin dokar wasan ma ta hana cinikin tun farko. Sai ƙwararrun da ke buɗe sabon asusu don su riƙa yanka sababbin shiga, su ɗauki bidiyo su sa a TikTok. Kada ka ɗauka a Zango kawai ake yi. Koriya ta Kudu sai da ta yi doka, ta fara aiki a 2019, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tarar won miliyan 20 ga mai sana'ar hawar wa mutane ranki. Kamfanin Valve kuma a watan Satumba na 2023 ya rufe asusu 90,000 na irin waɗancan ƙwararrun masu ɓoye kansu a Dota 2. Wasan nan na Dota har makin ɗabi'a yake da shi daban, mai yawan zagi da guduwa a tara shi da irinsa. Ni a ganina wannan ya fi wa'azi aiki, tunda an san mutane lamba suke bi.

Kada dai a ce na ɓata abin gaba ɗaya. Ba don ranki ba, da sabon shiga ba zai yi minti biyu da rai ba, ya goge wasan ya huta. Kuma ta hanyarsa yaran unguwarmu suka san tsaransu a Aboabo da Tamale, har Kano da Yamai, ana buga wasa ana Hausa kala-kala, kowa na dariyar ta ɗan'uwansa. Na san yaro mai shiru-shiru da ba wanda ke kula shi a layi, amma in ana shirya gasa shi ake fara nema.

Shawarata gare ka ita ce kada ka je musu da maganar "kun wulaƙanta ni", za su kare kansu ne kawai a rabu dutse hannun riga. Ka ce musu a ware dare ɗaya a mako, ko daren Juma'a, a buga wanda ba a ƙirga maki a cikinsa, ko a buɗe ɗaki a kara biyu da biyu, wanda aka ci ya sayi ataya. Za ka ga muryarsu ta sauka da kanta. Ranar tura ranki kuwa ka bar su su tafi, kai ka nemi 'yan Platinum irinka, a wannan zauren ma suna da yawa. In an ci ku sau biyu a jere ka ajiye wayar, na uku da fushi ake buga shi. In kuma a daren da ba maki ɗin ma wani ya ci gaba da zaginka, to wannan kam halinsa ne, ka kashe muryarsa ka ci gaba da sauran biyun. Wanda kuma zai biyo ka ta saƙo bayan wannan rubutu ya ce zai kai ka Ace kan sidi kaza, kada ka ba shi lambar sirrinka.