Filin Tambaya da Amsa: Ƙananan Zanen Fentin Ruwa da Katin Gaisuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala karatun difloma bara, ina zaune da iyayena a cikin garin Bauchi. Yayata ta kawo mini tsarabar akwatin fentin ruwa mai kala 12, na fara zana ƙananan abubuwa kamar butar shayi da tiren masa da Ƙofar Wunti, ina liƙa su a kan kwali ina raba wa ƙawaye a matsayin katin barka da sallah. Damuwata ita ce takardar tana lanƙwashewa da zarar ruwa ya taɓa ta, launin kuma yana fitowa kamar ruwan wanki. Ƙawayena sun ce in riƙa sayarwa, amma ina kokwanton ko akwai mai sayen kati a wannan zamani na WhatsApp. Daga Hauwa'u, Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata Hauwa'u. Zan fara da takarda, domin a kanta ne yawancin masu farawa suke ɗora wa hannunsu laifin da ba nasa ba. Farar takardar da ake sayarwa a shagunan kwafi nauyinta giram 70 ko 80 ne a kowace murabba'in mita, kuma an yi ta ne don biro da injin bugawa. Takardar fentin ruwa ta ainihi tana kai giram 300, mafi ingancinta da zallar auduga ake yin ta, sannan a shafe ta da wani irin gam da yake hana launi nutsewa cikin zarenta, shi ya sa launin yake zama a sama yana haske. Kada tsadarta ta tsorata ki, tunda aikinki ƙanana ne: babban falle guda yana da faɗin santimita 56 da tsawon 76, idan kuma kika yanka shi daidai girman katin da aka saba, wato santimita 10.5 da 14.8, za ki sami guda 25. Idan ba ki same ta a shagunan kayan rubutu na Wunti ba, ki tambayi ɗaliban sashen zane da ƙira na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa inda suke sayen tasu. Kafin ki fara zane, ki manne gefunan takardar guda huɗu a kan allo da tef na takarda, kada ki cire sai ta bushe ƙarau. Da kanta za ta miƙe.

Game da launi, akwai abin da nake so ki sani, domin zai rage miki ganin wannan sana'a a matsayin baƙuwa. Fentin ruwa ba komai ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da ƙaro, wato wannan ƙaron dai da yake fitowa a jikin dakwara, wanda malamanmu na tsangaya suke sa wa tawada don ta kama allo. Ana samun sa a Borno da Yobe da Jigawa da wasu sassan jihar nan tamu ta Bauchi, ana fitar da shi zuwa Turai, a sarrafa shi, ya dawo mana cikin akwati mai tsada. Akwatin yara mai araha garin launinsa kaɗan ne, an cika sauran da alli, saboda haka ne yake bushewa ya bar fari-fari kamar ƙurar hunturu. Maimakon kala 24 marasa kyau, gara ki tanadi shida masu kyau: ja biyu, shuɗi biyu, rawaya biyu, domin daga cikinsu kore da ruwan goro da shunayya da ruwan ƙasa duk za su fito.

Sauran laifin na ruwa ne da gaggawa. Ki ajiye kofuna biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na tsabtataccen ruwan haɗa launi, kada kuma ki haɗa fiye da kala uku wuri guda, domin abin da yake biyo baya taɓo ne. Fentin ruwa yana ƙara haske bayan ya bushe, don haka ki zuba shi da ɗan ƙarfi fiye da yadda idonki yake so. Ana farawa da launi mai haske a ƙare da mai duhu, ba a kuma shafa na biyu sai na farko ya bushe. Fari kuwa ba a shafa shi, takardar ce farin. Idan kina son ƙyallin da yake jikin butar shayi, wurin za ki tsallake tun farko ki bar shi babu komai. Littattafan koyarwa da aka rubuta a Ingila ba su san yanayinmu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu launi yana bushewa kafin ki ɗaga buroshi, ya bar miki layi mai kaifi a tsakiyar sararin samaniya, saboda haka ki jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna, ki kashe fanka, ki yi aiki da sassafe. A watan Agusta kuma akasin haka ne, haƙuri ake yi a jira.

Yanzu ga maganar kasuwa. Katin Kirsimeti na sayarwa an fara buga shi ne a Landan a 1843, lokacin da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin Kirsimeti, aka buga guda 1,000 aka sayar da kowane a kan sule ɗaya. Waɗanda suka yi sakandaren kwana a nan Arewa kafin zuwan wayar hannu suna tuna yadda ake cika akwatin ɗalibi da katunan fatan nasara idan jarabawar fita ta matso. Wannan kasuwa ta mutu, ba zan ɓoye miki ba, kuma duk wanda ya buga katin barka da sallah mai hoton wata da tauraro irin wanda kowa yake turawa kyauta a waya, zai kwana da kayansa. Abin da ya rage, kuma a ganina ya fi wancan albarka, shi ne katin da yake rakiyar kyauta. Mai turaren wuta da humra, da mai yin kek, da mai haɗa kayan lefe, da uwar da za ta raba kayan walimar sauka, kowannensu yana bukatar ɗan kati da zai rataya a jikin kaya, kuma da yawa yake saye, ba ɗaya-ɗaya ba. Da su za ki fara magana.

Abin da zai bambanta naki da na kanti shi ne raha irin tamu. Tiren masar nan da kika zana ya fi kowace furen Turawa daraja a hannun ɗan Bauchi da yake aiki a Legas. Ki duba wasan da yake tsakanin jika da kaka: kati mai hoton sandar dogarawa da goro da tsohuwar rediyo, a ƙasa an rubuta "Zuwa ga angona, ina jiran kuɗin cefane", babu kakan da zai karɓe shi bai yi dariya ba. Haka wasan taubasai, haka barkwancin Fulani da Barebari, sai dai a nan a yi hattara, domin zolayar da take da daɗi a baki tana iya yin nauyi idan ta zauna a rubuce. Ki rubuta kalmomin da hannunki, ki kuma kula da haruffa masu lanƙwasa. Na sha ganin katin suna da aka rubuta "barka da samun da" saboda injin mai bugawa bai san harafin ɗ ba.

Kada ki sayar da ainihin zanenki a farashin kati. Ki kai shi a ɗauke shi da na'urar sikanin a ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, a buga miki a kwali mai kauri, ki nemi gwaji guda ki gani kafin a buga sauran, domin shuɗi da kore sukan canza a inji. Ki sa hannu a kusurwar kowane zane, ki adana na asali: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai zane haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya yi shi, ko da bai yi rajista ba, kuma na asalin shi ne shaidarki ranar da wani ya kwafa. A lissafin farashi ki haɗa da ambulan da kuɗin keke napep da awannin da kika ɓata, waɗanda mata masu sana'ar gida suka fi mantawa da su.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne. 'Yata mai shekara 14 ta zana ragon layya sanye da hula da tabarau a kan katin da za ta ba kawunta. Mun yi dariya, amma zuciyata ba ta kwanta ba game da zanen mai rai. Daga Malam Usman, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Malam Usman, Allah ya raya ta. Wannan fili ba na fatawa ba ne, hukunci na malamanku ne, amma zan faɗi abin da yake sananne. A cikin Bukhari akwai labarin mai sana'ar zane da ya zo wurin Ibn Abbas, ya gargaɗe shi game da surar mai rai, ya ce masa idan ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin gunki mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da yake shimfiɗe a takarda ko tufa, wanda suka sassauta a kansa, wasu malaman kuma sun hana duka. Duk wanda kuka bi, kada a karɓe buroshin daga hannun yarinyar. Zayyanar allon sauka da adon bangon gidajen sarauta da aska takwas ta babbar riga duk zane ne, babu mai rai a cikinsu. Ga duwatsun Tula, ga ruwan Dadin Kowa da yamma, ga kuka da giginya, kuma hular da tabarau kaɗai, a ajiye kusa da igiyar da rago ya tsinke ya gudu, sun isa su ba kawu dariya.

Tambaya: Malam, zan iya haɗa fentin da kaina da zoɓo da lalle da kurkum? Daga Sadiya, Azare.

Amsa: Za ki iya, Malama Sadiya, amma ba duka suke daɗewa ba. Zoɓo da kurkum suna da kyau a ranar farko, hasken rana kuwa yana cinye su da sauri. Jar ƙasa da gawayi su ne masu jure zamani. Jan zanen dabbobin da yake jikin duwatsun Geji a jihar nan ya ga ƙarnuka bai goge ba. Ki jiƙa ƙaro awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsattsage idan ya bushe, da ɗigon man kanumfari saboda fumfuna, sannan ki rufe shi da kyau domin kiyashi ma yana son zuma. Ki niƙa ƙasar ta yi laushi kamar kwalli kafin ki kwaɓa. Kowane launi kika haɗa, ki shafa layi ɗaya a takarda, ki rufe rabinsa da kwali, ki ajiye a bakin taga wata guda, sannan ki buɗe ki kwatanta ɓangarorin biyu kafin ki sa shi a katin da za ki sayar.