Yaya, Ba a Biyan Ɗanka Ko Sisi

Yaya, barka da war haka. Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi sau biyu, na biyun tare da maman yara muna ta dariya. Ashe hoton ɗanka da na tura, wanda ya yi dumu-dumu da taɓo yana rungume da ƙwallo a ƙirji, shi ne ya tayar da ƙura a gida. Ka tambaya wai gola ne shi, in kuma ba gola ba ne me ya kai hannunsa kan ƙwallo alƙalin wasa yana kallo. Sannan ka sauke murya ka yi tambayar da na san ita ce ainihin abin da ke ranka: nawa ake biyansa, kuma yaushe wata ƙungiya a Ingila za ta saye shi?

Ba gola ba ne. Ba a biyansa ko sisi. Kuma ba mai sayensa, ko da ya fi kowa iyawa a ƙasar nan. Na san ka ajiye wayar ka ce aikin banza. Ni ma haka na ce da farko, don haka ka ba ni aron kunnenka.

Wannan ba ƙwallon da kake kallo a gidan kallo ba ne. Wasan mutanen Ailan ne na kansu, ana ce masa ƙwallon Gelik. Mutum 15 ne kowane ɓangare, filin kuma ya fi wanda ka sani tsawo da faɗi. Akwai raga da gola, amma turakun biyu sun zarce sama can. Ka zura a raga maki uku, ka ɗaga ya wuce ta saman sandar tsakanin turakun maki ɗaya, ko biyu in daga nesa sosai ka buga, bisa sabuwar dokar 2025. Kana iya riƙe ƙwallo ka ruga da shi, sai dai taku huɗu kawai. Bayan nan dole ka buga shi a ƙasa ya dawo maka, ko ka sake shi kan ƙafarka ka tallabo shi zuwa hannu kana cikin gudu. Jifa laifi ne, sai dai ka doke shi da dunƙulen hannu ko tafin hannu. Bangazar kafaɗa da kafaɗa kuwa halak ce, shi ya sa ka ga yaron a haka.

Asalin abin siyasa ce. A ranar 1 ga Nuwamba 1884, lokacin Ingila ke mulkin ƙasar, wasu mutane suka zauna a wani otal a garin Thurles, cikinsu da malamin makaranta Michael Cusack, suka kafa ƙungiyar GAA don kada wasannin gargajiyarsu su mutu a hannun wasannin mai mulki. Da gaske suke yi. Har zuwa 1971 ɗan ƙungiyar da aka kama yana buga ƙwallon ƙafar Ingila, ko ma ya je kallo kawai, dakatar da shi ake yi. A 1938 sun tuɓe shugaban ƙasarsu, Douglas Hyde, daga zama uban ƙungiya saboda ya halarci irin wannan wasa. A babban filinsu na Dublin, Croke Park, mai cin mutum 82,300, akwai ɓangaren da ke ɗauke da sunan Michael Hogan, ɗan wasan da jami'an tsaron Birtaniya suka harbe a cikin filin ranar 21 ga Nuwamba 1920, ranar da mutum 14 suka rasa ransu a wurin. Wasan da aka zubar da jini a kansa, ka ga ba abin da za a sa wa farashi ba ne a wajensu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar ƙasa. Karkarar Ailan a rarrabe take yanki-yanki bisa coci, kowane coci da iyakarsa, kamar yadda kowane dagaci yake da tasa. Kusan kowane yanki da kulob ɗinsa, kuma ka'idar ita ce inda kake nan za ka buga. In ƙauyenku ba su iya ba, da su za ka yi ta shan kashi har ka tsufa. Wanda ya yi fice sai a zaɓe shi ya buga wa gundumarsa, ɗaya daga cikin gundumomi 32 na tsibirin, amma yana gamawa ya dawo ƙauyensu ya sa rigar da ya fara sawa yana ɗan shekara shida. Ka tuna kokawar takobi ta Nijar, yadda ɗan Tawa ba ya kama wa Maraɗi? To ka ɗauki wannan ka saukar da shi har matakin ƙauye.

Mu maƙwabtanmu su ne abin misali a nan, kuma ƙaddararmu ke nan. Muna zaune a arewacin gundumar Galway, ba nisa da garin Tuam, kuma ɗan tafiya kaɗan daga mu akwai wani yanki da ake kira Corofin. In ka bi ta cikinsa a mota ba za ka ga abin tsayawa ba: gonakin ciyawa, katangun duwatsu da aka jera ba siminti, shanu da tumaki, coci, makarantar firamare, kogin Clare yana ratsawa. Rigarsu rawaya da kore. Kofin gundumar sun fara ɗaukarsa a 1932, suka sake a 1946, daga nan shiru sai 1977. Wato kulob ne irin na kowa, sai an shekara da shekaru ya ɗauka sau ɗaya. Daga 1991 ne al'amari ya canza, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka ba daga manya aka fara ba. Wani bawan Allah Frank Morris da ire-irensa suka shafe shekaru suna tara ƙananan yara suna koya musu riƙon ƙwallo da bugu da miƙawa, ba gajiya. Yaran nan ne suka girma.

A ranar 17 ga Maris 1998 suka doke Erin's Isle ta Dublin a Croke Park suka ɗauki kofin kulob-kulob na ƙasa baki ɗaya. Kafin su ba wani kulob daga lardin Connacht, wato yammacin ƙasar, da ya taɓa ɗaukarsa, alhali tun farkon shekarun 1970 ake gasar. Kyaftin ɗinsu Ray Silke, a cikin shekarar nan dai, shi ya jagoranci gundumar Galway ta ɗauki babban kofin ƙasa, wanda rabonta da shi tun 1966. Mutum ɗaya, kofi biyu, wata shida tsakani, daga ƙauyen da ba ko fitilar ba da hannu.

Sai suka ɗan lafa a matakin ƙasa, suka dawo a 2015 suka cinye kulob ɗin Slaughtneil a wasan ƙarshe. Daga 2013 zuwa 2019 kuwa kofin gundumar Galway bai bar hannunsu ba, sau bakwai a jere. A 2018 suka haɗu da Nemo Rangers ta birnin Cork, kulob ɗin da ya fi kowa yawan kofin ƙasa, guda bakwai, suka yi mata kaca-kaca: ƙwallo biyu a raga da maki 19, jimla 25, ita kuma 10. A 2019 Dr Crokes ta Kerry ta sha irin wannan, 22 da 10. Ni na 2020 ne ba zan manta ba. Watan Janairu ne, ana sanyi mai ratsa ƙashi, muna falon wani maƙwabcina dattijo muna kallo a tashar TG4, wadda da harshen Ailan take sharhi, ni ko kalma ba na ji. Abokan karawar su ne Kilcoo daga gundumar Down, su ma 'yan ƙauye, makiyayan tumaki a gindin duwatsu. Wasa ya yi tauri, aka tashi bakwai da bakwai. Da aka ƙara lokaci Corofin ta ci maki takwas, Kilcoo ba ta ƙara ko ɗaya ba. Kofi uku a jere, abin da ba kulob ɗin da ya taɓa yi. Dattijon nan, wanda duk rayuwarsa yake addu'ar a doke Corofin, sai na ga ya ciro hankici yana share ido. Na ce, Baba, ba kai ne ba ka son su ba? Ya ce har gobe ba ya son su, amma yau 'yan Galway ne.

Kuma duk waɗannan gwanayen washegari aiki suke komawa. Wani malamin makaranta, wani ma'aikacin banki, wani ɗalibi, wani yana taya mahaifinsa kiwo. Kieran Fitzgerald ya ci kofin ƙasa da Galway tun 2001, kuma shekara goma sha tara bayan haka yana nan a bayan Corofin yana tare gida.

To ina mu a cikin wannan? Mu Hausawa a yammacin Ailan ba mu da yawa. In an yi suna ko an sha ruwa tare, da 'yan Nijar da 'yan Gana da sauran Musulmin Najeriya muke cika falo ɗaya. Shekarunmu na farko a ƙauyen nan gaisuwar ɗaga hannu ce kawai tsakaninmu da mutane. Ba sa wulaƙanta ka, amma ba sa shigo da kai. Ranar da ƙofa ta buɗe, wata mata ce ta ƙwanƙwasa mana gida da yamma, ruwa na zuba, ta ce ta ga yaronmu yana tsere a filin makaranta, me zai hana ya zo atisaye ran Asabar. Na tambaye ta irin tambayarka, Yaya. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce ai ni ne ma zan biya kuɗin rajista.

Da na fara zuwa sai na gane abin da nake gani: aikin gayya ne. Mai koyar da yara makaniki ne, ba a ba shi komai. Mai yanke ciyawar fili manomi ne da taraktarsa. Mata suna kawo shayi da burodi. Rigunan wasa kuwa zagayawa ake yi, kowane gida da makon da zai wanke. Ranar da jakar riguna ashirin masu taɓo ta iso gidanmu, maman yara ta tsaya tana kallonta ta ce, yanzu wannan karramawa ce ko horo? Karramawa ce. Ba a ba baƙo jakar nan.

Amma mun shiga da iyakokinmu, kuma wannan ne nake so ka faɗa wa Hajiya don hankalinta ya kwanta. Yawancin kulob-kulob da kuɗin caca ta mako-mako suke tafiya, ana sayar da tikiti gida-gida. Na gaya wa ma'aji addinina bai yarda ba, amma ga gudummawata a ambulan duk shekara. Bai sake kawo mini tikiti ba. In an ci wasa murna a mashaya take ƙarewa. Mu muna tsayawa a fili a yi tafi a ɗauki hoto, in sun nufi can mu nufi gida. Burodin da ake rabawa sau da yawa da naman alade a ciki, yanzu akwai faranti daban na cuku da ƙwai da ake ajiye wa yaranmu ba tare da mun roƙa ba. Atisayen Asabar ya taɓa cin karo da Islamiyya, sai muka mayar da karatun yamma. Shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, manyan yaranmu suka riƙa zuwa fili su tsaya a gefe su yi abin da ya sawwaƙa. 'Yarka ma tana bugawa, da dogon wando da ɗankwalinta. Kada ka yi mamaki: wani kulob ɗin mata na ƙauye a nan kusa, Kilkerrin-Clonberne, ya ɗauki kofin ƙasa na 2021 zuwa na 2024, sau huɗu a jere.

Ba dukanmu muka yarda da wannan hanya ba. Akwai ɗan'uwanmu da ya ce shi ɗansa ba zai karya ƙafa a wasan da ba riba ba, ya kai shi ƙwallon ƙafa, kuma ban ga laifinsa ba. Ba kuma zan ce maka aljanna muke ciki ba. Suna da kalmar da suke kiran wanda ba a nan aka binne kakansa ba, ma'anarta wanda iska ta kwaso, kuma ko ɗan Dublin ne ya shekara talatin a ƙauyen sunansa ke nan, balle ni. An taɓa jefa wa ɗanka baƙar magana kan launin fatarsa daga bakin fili a wani wasan waje. Kafin in buɗe baki iyayen ƙauyenmu sun taso, alƙali ya rubuta, amma yaron bai ci abinci ba a daren. Sannan na san suna bukatarmu: samarinsu suna ta tafiya Ostareliya da Kanada neman aiki, har wasu ƙauyuka sai sun haɗe biyu kafin su cika yara 15. Ban ɗauki wannan abin kunya ba. Ai ko a gida, gayya mai gona ne ya kira ta don yana da bukata.

Dattijon da na ba ka labari ya rasu bara. A al'adarsu in ɗan kulob ya mutu, 'yan wasa manya da yara suna sa riga su jeru a gefen hanya biyu gawa ta wuce ta tsakiya. Ɗanka ya tambaye ni ko ya halatta ya tsaya. Na ce maƙwabcinka ne, je ka tsaya a hanya, cocin ne ba za mu shiga ibadarsu ba. Ya tsaya cikin ruwan sama kusan awa ɗaya. Bayan kwana biyu matar mamacin ta aiko masa da tsohuwar lambar yabo ta mijinta a cikin akwatin ashana.

Rigar da ka ce a aiko maka tana cikin kayan da za a taho da su bayan salla. Ka ce kana son mai rawaya da koren nan ta zakarun, amma ɗanka ya ce sam, tamu za a saya maka, ta kulob ɗin da bai taɓa ganin Croke Park ba sai a talabijin. Ya ce in ya ga hotonka da rigar Corofin, to ka nemi wani ɗan. A gaida Hajiya da yara.