Idan regileta (na'urar da mai nutso ke shaƙar iskar tanki da ita) ta daskare a ƙarƙashin ruwa, in riƙe numfashi in taso?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ɗan Gwale ne, na yi kwas ɗin nutso a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, satifiket ɗina na zurfin mita 18 ne. Ina shirin zuwa Scapa Flow a Scotland in ga jiragen ruwan yaƙin Jamus da ke ƙasan ruwa, amma wallahi hankalina a tashe yake, an ce sanyi na sa regileta ta daskare ta dinga zubar da iska. Abokina ya ce in ta faru kawai in cika ƙirji in riƙe numfashi in harbo sama. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokin nan naka a kududdufi ya koyi iyo, can riƙe numfashi gwaninta ce don iskar sama ka shaƙa ka shiga da ita. Da tanki a bayanka kuwa kisan kai ne, na gaji da maimaita wannan magana. Iskar da ka shaƙa a mita 10 kafin ka iso sama ta ninka biyu, a mita 20 ta ninka uku, to ina za ta in ka toshe maƙogwaro? Huhu ne zai yage, kumfa ta bi jini ta je ƙwaƙwalwa, kuma ba sai ruwa mai zurfi ba, ko mita biyu na iya yi. Amma wanda bai taɓa goya tanki ba zai zauna a majalisa yana ba da fatawa, har a tura a WhatsApp.

Regiletar da ta daskare fa iska take bayarwa, yawa ma ta yi. Ka sassauta leɓe ka dinga kurɓa, ragowar ta fice ta gefe, ka yi wa abokin nutsonka alama ka karɓi regiletarsa ta biyu, ku taso a hankali kana numfashi.

Sannan satifiket ɗinka bai kai ba tukuna. Cikin jiragen da Jamusawa suka nutsar da kansu ranar 21 ga Yunin 1919 manya bakwai ne suka rage, Karlsruhe na zurfin wajen mita 25, Markgraf kusan 45. Ka ƙara kwas, ka koyi sa rigar da ruwa ba ya shiga, don ko da bazara ruwan bai cika wuce digiri 13 ba. Wurin kam da kyau, ƙarfen duk ya lulluɓe da wasu halittu farare masu laushi kamar auduga, ga kaguwa, ga dogon kifin nan mai kama da maciji yana leƙowa ta rami, kar dai ka zura hannu.